Ɗanliti Kumbo Yana Jin Ku

Yayana Ɗanliti bai mutu ba. Da wannan zan fara, domin tun da ciwon nan ya kwantar da shi a Tudun Wada, duk wanda ya shiga ɗakinsa sai ya tsaya a kansa ya ce, "Allah sarki, da mutum ne mai barkwanci." A gabansa ake faɗa, idonsa biyu, yana kallon bakin mai maganar. Sannan a juya wajen matarsa Saude a tambaye ta ya mai jiki, sai ka ce mai jikin yana Legas.

Ni ce ƙanwarsa Barakatu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina aure a Ƙofa, ɗinki ne sana'ata. Sakandare kaɗai na gama, amma na iya rubuta abin da na gani, kuma abin da na gani ya ƙona min rai.

Duk wanda ya girma a unguwarmu ya san shi da Ɗanliti Kumbo, wato kumbon 'yan sama jannati. Yana saurayi ya yi aiki a Tiga, shi ke kula da injin wuta a gidajen ma'aikatan ruwa. Akwai wani Bature injiniya a can, ɗan wata ƙasa mai sanyi, wanda in ya tashi daga aiki ba shi da abin yi sai kallon bidiyo. Ba ya kallon na faɗa ko na rawa. Nasa na 'yan sama jannati ne, da mutum-mutumi, da garuruwan da ba a gina ba tukuna. Wasu baƙi da fari ne, tsofaffi sosai, wasu masu kala. Akwai na Rasha, akwai na Japan, akwai na ƙasashen da Yaya kansa bai iya faɗin sunansu daidai ba. Tunda sai ya tada inji bidiyon ke aiki, Baturen ya riƙa cewa ya zauna su kalla tare. Da zai koma ƙasarsu, akwatin ƙarfen da kaset ɗin ke ciki ya yi masa nauyi, sai ya bar wa Yaya.

Da wannan akwati Yaya ya dawo gida ya buɗe gidan kallo a jikin katangarmu. Rumfar kwano ce, da benci, da talabijin a kan tebur, da lasifika. Fim ɗin Indiya da na 'yan Chana su ke ciyar da shi, wannan ba a musu. Amma ran Litinin bayan la'asar ta fina-finansa na cikin akwatin ce, ko mutum biyar ne suka zo.

Babu mai jin yaren fina-finan nan, har shi. Sai ya rage musu murya ya ɗauki makirfo ya ba su baki. Ya raɗa wa kowa sunan gida. Wani fim da ake noman wani abu kamar rogo a cikin ɗakunan ƙarfe a duniyar wata, ya sa manoman suna rigima a kan taki ya zo a makare. Wani na Japan da aka wayi gari inuwar kowa ta gudu, ya ce dagacinsu ne ya sayar da ita. Abin da Turawan da Japanawan ke faɗa a gaskiya, Allah kaɗai ya sani. Amma ba shirme yake yi ba. Yakan zauna shi kaɗai ya maimaita fim har sai ya gane wa ke tsoron wa, wa ke yi wa wa ƙarya, sannan ya kawo shi gaban mutane. Kuma in ya ba mutum magana a wannan Litinin, ita zai ba shi baɗi, ba ya canzawa.

Mu mata ba ma shiga gidan kallo. Ba wanda ya taɓa hana mu da baki, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Amma lasifika ba ta san katanga ba. Muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa ko sussukar masara, ni da Inna da Saude tana amarya da matan maƙwabta, muna bin labarin tiryan-tiryan. Mun san inda za a yi dariya, mun san inda Inna za ta ce a yi shiru. Mun san ƙarar zobensa ma. Yana da zoben azurfa a hannun hagu, in wani ya yi surutu ko ya yi masa shisshigi a fassara, sai ya ƙwanƙwasa shi a jikin makirfo, ƙwas-ƙwas, rumfar ta yi tsit. Na haddace fina-finan nan kamar karatun allo, ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba.

Daga baya faifai ya zo, sannan kallon ƙwallo, sannan kowa ya sami fim da fassararsa a cikin waya. Benci ya yi ta raguwa har Yaya ya rufe rumfar ya koma gonar masara. Akwatin dai bai rabu da shi ba. Duk ƙarshen damina sai ya fito da kaset ɗin ya jera a inuwa su sha iska, yana goge su da gefen riga, yara na yi masa dariya.

Bara da damina yana huɗa a gona ya faɗi. A asibiti suka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ɓarin dama ya tafi, maganar ma ta tafi. Mutumin da ya ba Turawa da Japanawa baki, yanzu in yana son ruwa sai ya yi gurnani a yi ta cankar abin da yake nufi. Ɗaki ɗaya, gadon ƙarfe, taga ƙarama mai kallon bangon maƙwabta. In an juya shi ga bango, bango zai kalla har wani ya tuna da shi.

Babban ɗansa Mudassir yana sayar da taki da maganin feshi a kasuwa. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaron yana ƙoƙari. Shi ke yi wa ubansa wanka, shi ke ɗaga shi, bai taɓa yatsina fuska ba. Amma yana yi ne kamar yadda ake kula da kayan amana, a goge a ajiye. Ba ya yi masa magana. Da watanni suka ja babu sauƙi, sai ya ɗauko wani mai ruƙiyya daga wajen Doguwa. Ni ba ni da ja da addu'a, kowa ya ji wannan. Abin da ya biyo baya ne nake ja da shi.

Mutumin ya gama karatunsa, idonsa ya faɗa kan akwatin a kusurwa. Ya sa aka buɗe. Ya ɗago kaset ɗaya, ga hoton wata halitta mai ƙaton kai a jikin kwalin. Nan take Yaya ya fara buga zobensa a ƙarfen gado. Mutumin ya ce, "Kun gani? Da na taɓa gidansu sun motsa." Ya ce shekarun da Yaya ya yi yana ara wa waɗannan halittu bakinsa, su ne suka riƙe bakin. A ƙone akwatin da abin da ke ciki bayan sallar Juma'a.

Saude ce ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa. Na ajiye ɗinkin mutane na hau mota.

Na sami Mudassir a zaure. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa a gajarce.

"Ka tambaye shi?"

"Wa, Gwaggo?"

"Ubanka. Kayanka ne ko nasa?"

Ya sunkuyar da kai. "Gwaggo, Baba ba ya gane komai yanzu. Ai kin ji abin da likita ya ce."

"Ina wurin. Cewa ya yi ba ya iya magana. Kai ka ƙara sauran."

"To in an tambaye shi da me zai amsa? Gadon nan yake bugawa, ko an yi magana ko ba a yi ba. Ni lafiyarsa nake nema. In ƙona tsofaffin robobi zai sa ya buɗe baki, wallahi har rumfar zan haɗa."

Idonsa ya yi ja, na ga da gaske yake. Shi ya sa ban zage shi ba, ko da yake zagin yana bakina. Na shiga wajen Yaya na ce, "Yaya, za su ƙona maka kaset. Ka yarda?" Ya buga gado. Mudassir daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, in an ƙona za ka sami sauƙi, ko?" Ya sake buga gado, da ƙarfi ma. Mudassir ya dube ni. Ni na san bugun farko da na biyu duk a'a ne, amma ba ni da yadda zan nuna.

Sai na ce, "To, kafin ka ƙona, zan kalli guda. Tun ina budurwa nake jin su ta katanga, ban taɓa gani ba. In aljanu ne a ciki, ni su kama, na fi ubanka ƙiba."

Saude ta ce, "Baraka, ke ko aljani ya kama ki sai ya dawo da ke."

Yaro ba ya ce wa gwaggonsa a'a a cikin gidan ubanta. Ya ce to, amma Juma'a tana nan.

Na ɗauki tsohuwar bidiyon da 'yan kaset a buhu na kai wa Ukasha mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya yi dariya ya ce rabonsa da irinta tun kafin ya yi aure. Ya buɗe ta ya goge kan da ke karanta kaset da farar takarda da fetur, ya canza wata roba. Kaset ɗin kuwa yawanci fumfuna ta ci su, tunda bara ba wanda ya fito da su shan iska. Ya ware guda ya ce wannan ne mai lafiya. Na duba kwalin, ga sunan da Yaya ya raɗa masa: Mai Gadin Tasha. Da ni ce mai zaɓa, ba shi zan ɗauka ba.

Labarinsa, yadda Yaya ke ba da shi, wani ne Malam Mudi aka tura gadin tasha a sararin sama, shi da wata Asibi mai surutun tsiya. Yaya ya ɗauko sunan ne daga Asibi mai ƙosai ta ƙofar gidanmu, kuma har ta rasu ba ta yafe masa ba. Sai na'urar maganar Mudi ta lalace. Yana jin mutanen ƙasa, su ba sa jin sa. Yana ji suna kiransa, yana ji suka gaji, yana ji suka ce ya mutu.

Ran Alhamis bayan la'asar muka jawo wuta daga injin maƙwabta. Muka jingina Yaya da filo, ɗakin na warin man zafi. Saude ta zauna a bakin gado. Mudassir ya tsaya a ƙofa ya harɗe hannu, wai yana gadinmu. Na tura kaset, na rage murya yadda na san Yaya na yi.

Abin da na fara gani ya ba ni haushi. Ni Malam Mudi na sani dogo ne baƙi mai hula, kamar limamin unguwarmu. Sai ga wani guntun Bature mai sanƙo cikin riga kamar buhun taki. Tashar da na ɗauka kamar ta motar Kwanar Ɗangora ce, ashe wani ɗaki ne kamar cikin tanki, ko'ina wayoyi. Komai toka-toka, hoton na rawa. Na ji kamar an yi min musanyen kaya a kasuwa.

Na daure na fara. "Assalamu alaikum mutanen ƙasa, Mudi ne daga tasha, ina kwananku, ya ruwa." Maganar ta fito da kanta, har da inda Yaya ke jan numfashi. Na saci kallonsa. Idonsa na kan talabijin, hannun hagunsa a kwance, shiru.

Aka zo inda Asibi za ta yi magana. Na san abin da za ta ce, amma ban ga mace a ɗakin ba. Na jira ta shigo, ba ta shigo ba. Can aka nuna wata mata mai farin gashi a wani ofis a ƙasa, sai na ce to ga ta. Na maƙale murya na ce, "Malam Mudi, ka sha maganinka, kada ka sa ni surutu."

Ƙwas-ƙwas.

Saude ta ɗago kai da sauri. Wannan ba bugun haushin da muka saba ji a 'yan watannin nan ba ne. Gajere ne, a tsaye, irin na makirfo.

Matar ta wuce, aka dawo kan Mudi, na ci gaba da maganarsa, ba a buga ba. Matar ta sake fitowa, na sake ba ta bakin Asibi. Ƙwas-ƙwas. Yaya ya juyo da ido ya harare ni, hararar da na sani tun ina yarinya in na taɓa masa rediyo.

"To wace ce Asibin?" na ce. "Mace ɗaya ce a fim ɗin nan."

Saude ta ce, "Ko tana bayan labule ne?"

"Wane labule a sama, matar Yaya?"

Daga bakin ƙofa Mudassir ya ce, "Akwatin ne."

Muka juya.

"Wancan na jikin bango, mai fitilu. Shi ne Asibi. In fitilar ta yi ƙyafta-ƙyafta, ita ke magana." Ya faɗa yana kallon ƙasa, kamar maganar ta kuɓuce masa. Na manta shi namiji ne, yana ƙarami a bencin gaba yake zama.

Wato duk shekarun nan da muke jin tausayin Asibi, Inna har tana cewa wace irin mace ce za a kai sama ba muharrami, tausayin akwatin ƙarfe muke ji. Saude ta toshe baki tana dariya har da hawaye. Na mayar da kaset baya. Fitila ta ƙyafta, na ce, "Malam Mudi, ka sha maganinka." Hannun Yaya bai motsa ba. Gefen bakinsa na hagu ya ɗan ɗaga.

Daga nan aikin ya zama na mu uku. Ni da Saude muna da maganar, Mudassir yana da hoton. In na yi gaggawa, zobe. In na ba wani maganar wani, zobe. In na yi daidai, shiru. Ban san lokacin da Mudassir ya bar ƙofa ya zauna a ƙasa kusa da gadon ba. Inda mutanen ƙasa ke cewa Mudi ya mutu a rufe fayil ɗinsa, shi kuma yana ihu a cikin na'urar da ba ta kaiwa gare su, na faɗi maganar ina kallon talabijin kawai. Ban iya duban kowa a ɗakin ba.

Ƙarshen ne ya tsayar da ni. Yadda muka san shi ta katanga, a ƙarshe Asibi takan ce, "Malam Mudi, tashi ka wanke fuska, sun ji ka, ga kumbo can ya taso." A nan rumfa ke ɗaukar tafi, Inna ta ce alhamdulillahi. Na zuba ido in ga kumbon. Mudi ya zauna a gaban wata 'yar taga, waje baƙi ƙirin. Fitilar akwatin ta ƙyafta. Ba kumbo, ba kowa. Hoton ya fara duhu.

Na ce, "Mudassir, ina kumbon?"

Ya ce, "Babu, Gwaggo. Ba a taɓa nuna shi ba. Baba ne ke faɗa."

Ban faɗi maganar Asibi ba, rubutun ƙarshe ya fara hawa. Sai zobe, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, ba tsayawa. Yaya na kallona, jijiyar wuyansa ta tashi, bakinsa na motsi babu abin da ke fita. Na mayar da kaset baya kaɗan. Fitila ta ƙyafta. Na ce, "Malam Mudi, tashi ka wanke fuska, sun ji ka, ga kumbo can ya taso."

Hannun ya kwanta.

Sannan Mudassir ya matsa ya durƙusa daidai fuskar ubansa, abin da ban ga ya yi ba tun da aka dawo daga asibiti. Ya ce, "Baba, yanzu kada ka buga sai in a'a kake nufi. Ni ne Mudassir?" Shiru. "Yau Alhamis?" Shiru. "A ƙona kaset ɗin?" Zoben ya sauka a ƙarfen nan har sai da Saude ta riƙe hannun. Yaron ya kifa kansa a gefen katifa. Na fita na ba su wuri, don ba na son ya ga na ga kukansa.

Ba a ƙona ba. Akwatin yana ƙarƙashin gadon Yaya, inda hannun hagunsa ke iya taɓa murfin. Mai ruƙiyya ya aiko a tambaya ko an cika umarni, Mudassir ya ce a gaya masa mai kayan bai yarda ba.

Kada wani ya ɗauka daɗi ya zo. Yaya bai yi magana ba har yau, likita ma bai yi mana alkawari ba. Abin da ya samu shi ne a'a, ita kaɗai, kuma sai an yi tambayar da ta dace. In abin da ke ransa ba wanda ya yi tunanin tambaya, haka zai kwana da shi. Ɗakin nan ne, tagar nan ce, bangon maƙwabta ne. Ni ma ba kullum nake samun zuwa ba, ina da miji da 'ya'ya da ɗinkin mutane.

Ukasha ya ceto wasu kaset ɗin, kuma a cikinsu akwai waɗanda Yaya bai taɓa nunawa a rumfa ba, yana ajiyarsu sai ya gama shirya musu magana. Ran Litinin da ta wuce na sa masa guda. Wasu mutane ne cikin fararen kaya suke tafiya a kan wani fili mai kama da gishiri, suna jan wani abu a baya, suna ta magana da yarensu. Ba ni da ko kalma ɗaya da zan ba su. Na gwada ƙirƙira, ya buga. Na sake gwadawa, ya buga. Na yi shiru muka kalla haka nan, leɓensa na motsi tun daga farko har ƙarshe. Ya san abin da suke cewa, yana nan a cikin kansa a shirye, kuma ba mai ji.

Saboda haka in kun zo dubiya, ga abin da nake roƙo, kuma ba da lallashi nake roƙo ba. Ku bar tambayar Saude ya mai jiki. Ku matsa kusa da gadon, ku durƙusa yadda zai ga fuskarku, ku ce, "Kumbo, ina wuni." Sannan ku ɗan jira.